An fitar da 'yata bakwaini daga kwalba an ɗora wa uwarta a ƙirji: mu zauna ko mu canza asibiti?

Malamin Firamare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ta iyayen da suka taɓa shiga irin halin da nake ciki, domin kaina ya ɗaure, kuma ni ake jira in yanke hukunci.

Yau kwana 11 ke nan da aka yi wa maiɗakina aiki aka ciro mana 'ya mace, cikin yana da sati 31. Hawan jini ne ya taso mata, fuska da ƙafafu suka kumbura, likitoci suka ce idan aka ƙara jira za ta iya fara jijjiga, a rasa uwa a rasa 'ya. An haifi yarinyar da nauyin kilo 1.45, aka wuce da ita sashen jarirai kai tsaye, aka sa ta a kwalba da robar iska a hanci da ƙarin ruwa a hannu. A kwana na 4 shawara ta kama ta, ta yi kwana 3 a ƙarƙashin shuɗiyar fitila idanunta a rufe. Da ranar suna ta zo, mun raɗa suna a masallaci bayan sallar asuba, muka yanka rago a gida, ba a yi aski ba, kuma uwa da 'ya ba su ga ko mutum ɗaya daga cikin masu barka ba.

Shekaranjiya da safe na isa da abin karin kumallo, sai na tarar an fitar da ita daga kwalbar an sa wani jaririn a ciki. An cire mata robar iska, an cire ƙarin ruwa, an ɗora ta a ƙirjin uwarta daga ita sai ƙunzugu da hula da safa, an ɗaure su tare da zani, an ce haka za su riƙa zama dare da rana. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sikeli. Jiya nauyinta kilo 1.38 ne, wato ko nauyin haihuwarta ba ta koma ba, kuma har yanzu ba ta kama nono ba, tatsowa ake yi a ɗura mata da sirinji ta wata siririyar roba da aka zura daga hanci zuwa ciki.

Gida ya rabu biyu. Mahaifiyata ta ce tunda an fitar da yarinya daga kwalba, babu abin da ya rage wanda ba za a iya yi a ɗaki ba, ga mai jego ta kwana 11 ba wanka, ba kunun kanwa, ɗanyen jego zai kama ta. Ta ce in sa hannu mu ɗauko su, ai bakwaini da ƙwarinsa yake zuwa, ɗan wata takwas ne ba ya yin rai. Yayan maiɗakina kuma ya ce wayo aka yi mana, an ba mai uwa a gindin murhu kwalbar, saboda haka mu kai yarinyar asibitin kuɗi inda za a mayar da ita ciki. Na je na tambayi farashi, na ga kuɗin kwana 3 zai kusa cinye albashina na wata, amma idan ran yarinyar a nan yake, zan sayar da babur ɗina ba tare da na waiwaya ba.

Shin fitar da ita daga kwalba alama ce ta samun sauƙi, ko kuwa sakaci ne? Kuma me ya sa take ramewa alhali ana ba ta nono?

Sista Mai Jarirai ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Na shekara 14 ina aiki a sashen jarirai, kuma da wuya a yi mako ban ji wannan tambayar daga bakin wani uba da ya tare ni a bakin ƙofa ba, don haka kada ka ga kamar kai kaɗai ne abin ya ɗaure wa kai.

Mutane suna ba kwalba girman da ya wuce aikinta. Kwalba ba ta ba jariri magani, ba ta ba shi abinci, ba ta yi masa numfashi. Akwati ne mai ɗumi da ɗan danshi, wanda aikinsa shi ne ya riƙe zafin jikin jariri tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Bakwaini yana buƙatar wannan taimakon ne saboda fatarsa sirirya ce, ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi, kansa kuma babba ne idan aka gwada da jikinsa, ta nan ɗumi yake zurarewa. Idan sanyi ya shige shi, ɗan nonon da aka ba shi sai ya ƙare wajen ɗumama jiki maimakon gina shi, sukarin jininsa ya faɗi, numfashinsa ya rikice. Ƙirjin uwa yana yin wannan aikin na ɗumamawa daidai wa daida, kuma ba a ɗauke masa wuta. Bayan haka yana yin abin da akwati ba zai iya ba, domin motsin ƙirjin uwa da bugun zuciyarta suna taimaka wa jaririn da ke mantawa da numfashi, nono ya fi zuwa idan uwa tana jin ɗanta a jikinta, kuma hannayen da ke taɓa shi sun ragu, ƙwayoyin cutar da ke yawo a ɗakin jinya ba sa samun hanya da sauƙi.

Wannan goyon ƙirji, da ake kira kulawar kangaru saboda dabbar nan ta Ostareliya mai renon ɗanta a jakar cikinta, a cikin rashi aka haife shi. A shekarar 1978 wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya fara shi a wani babban asibitin haihuwa da ke birnin Bogota na ƙasar Kwalambiya, inda kwalabe suka yi kaɗan har ana haɗa jarirai a kwalba guda, cuta tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Yau ƙasashe masu arziki irin su Suwidin, waɗanda ba su rasa kwalba ba, su ma suna ɗora bakwaini a ƙirjin iyayensu.

Ba zan ɓoye maka ba, kwalba ba ta isar mu, kuma idan aka kawo jariri mai giram 900 wanda numfashinsa ke sama-sama, dole mu duba wanda ya fi ƙwari a cikin waɗanda ke ciki mu fitar da shi. Amma dubi abin da ka faɗa da bakinka: an cire mata iska, an cire ƙarin ruwa, cikinta yana karɓar nono. Jaririyar da ta kai wannan matakin, ko da kwalba 10 ce a ajiye ba kowa, ƙirjin uwarta zan kai ta.

Batun rama kuma, kusan duk jariri yana rage nauyi a makon farko saboda ruwan da ke fita daga jikinsa, bakwaini kuwa yakan rage kashi 10 cikin 100, wani ma ya ɗan wuce, kuma yakan ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin ya koma nauyin haihuwa. Ka nemi a nuna maka takardar awonta, ka duba nauyi mafi ƙanƙanta da ta taɓa sauka. Idan daga can hawa take yi, to tana kan hanya. Abin da muke so shi ne ta riƙa ƙara kimanin giram 15 a kan kowane kilo na nauyinta a kullum, wato ita giram 20 ko sama da haka kaɗan. Rashin kama nono ma ba ciwo ba ne. Haɗa tsotsa da haɗiya da numfashi a lokaci guda ba ya nuna sai wajen sati 32 zuwa 34, kuma 'yarka yanzu take shiga wannan zangon. Daga roba za a koma ƙaramin kofi, daga kofi a koma nono.

Akwai aiki a gabanka da ya fi sayar da babur. Macen da aka yi wa aiki ba za ta iya zama da goyo awa 24 ita kaɗai ba, saboda haka ka nemi izini a koya maka, ka cire riga ka karɓe ta idan uwar za ta ci abinci ko ta yi salla ko ta shiga banɗaki. Ana ɗora ta a tsaye ne a tsakiyar ƙirji, ƙafafunta a lanƙwashe kamar na kwaɗo, kanta a juye gefe guda, haɓarta a ɗan ɗage don kada hanyar iska ta toshe, zani kuma ya tsaya daidai ƙasan kunnenta. Ka tabbatar mai jego tana samun abinci da ruwa isasshe, tana tatsar nono aƙalla sau 8 a yini da dare, har da tsakar dare. Duk wanda zai taɓa yarinyar ya wanke hannu da sabulu tukuna, mai mura kuwa ya yi barkarsa ta waya. Kada a ɗiga mata komai a baki, ko zuma ko ruwan dabino ko rubutu, domin wadda ba ta iya haɗiya ba abin huhu zai tafi. A yi mata addu'a a tsaye a kanta, wannan ba mai hanawa.

Tsohon Direba ya amsa:

Malam, Allah ya raya mana. Sista ta yi bayani mai kyau, amma ina so in faɗi ɓangaren da ma'aikata ba su cika faɗa ba, domin ni na zauna a kan bencin waje kwana 26 lokacin da 'yata ta haifi tagwaye bakwaini.

Ni ban yarda da kwalba yadda surukinka ya yarda da ita ba. Hassan a cikin kwalba ya rasu. An ɗauke wuta da tsakar dare a cikin hunturu, janareta ba mai, sai da gari ya kusa wayewa aka tayar da shi, kuma kafin nan yaron ya yi sanyi ƙalau. Ban ce wannan ne ajalinsa ba, Allah ne masani, amma Husaini da ke ƙirjin uwarsa a wannan daren yau yana aji 2 a firamare. Idan har za ka je asibitin kuɗi, kada kyan fenti ya ruɗe ka. Ka tambaye su ko suna da sola, ka tambayi wanda ke kwana da jarirai da dare, ka tambaya ko likitan yara yana nan kullum ko sai an kira shi a waya.

Sai dai kuma goyon ƙirjin nan da ake yabo, faɗarsa ta fi yinsa sauƙi. A inda muka kwanta, kujerar roba aka ba 'yata, babu gadon da za ta jingina, ƙafafunta suka kumbura kamar turmi. Ni na sayo katifa ƙarama da matasai 3 da kuɗina. Haka kuma kullum da takardar da za a miƙo maka, yau gwajin jini, gobe allura, jibi kanula (robar da ake sa wa a jijiya), kuma ba mai zama ya gaya maka dalili. Shawarata ita ce ka sayi littafi ɗan ƙarami, kullum ka rubuta nauyi da yawan nonon da aka ba ta da sunan duk maganin da ka saya, kuma ka riƙa zuwa lokacin zagayen likitoci da safe, domin a nan ne kaɗai za ka ga mai yanke hukunci. Ka kuma tanadi ɗan'uwa mai lafiya da zai iya ba da jini, saboda yaran nan jininsu yakan yi ƙasa bayan 'yan makonni, kuma neman jini da dare ba daɗi.

Game da Hajiya mahaifiyarka, kada ka yi gardama da ita a gida. Ɗauko ta a babur ɗin nan ka kai ta ta ga yarinyar da idonta, gani ya kori ji.

Maman Bakwaini daga Maraɗi ta amsa:

Malam, barka da arziki. Ni uwa ce, ɗana ya zo a sati 32 da kilo 1.6, yanzu yana da shekara 4, kuma ba mai ganinsa yana kokawa da yayyensa ya ce a tafin hannu biyu aka taɓa riƙe shi. A nan Nijar tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin jinya a asibitocinta, duk da cewa mai jinya bai rasa abin da zai sayo a waje ba, don haka nauyin aljihu bai kai naku ba. Amma nauyin dangi iri ɗaya ne, kuma a kansa nake so in yi magana, da abin da maiɗakinka take ji wanda wataƙila ba za ta faɗa maka ba.

Kwanakin farko nono bai zo mini ba sai 'yan ɗigo na dakashi, mai kauri, rawaya. Kakata ta ce a zubar, ba shi da kyau. Unguwarzoma ta kawo ƙaramin sirinji ta riƙa tsince shi ɗigo-ɗigo daga jikina kamar mai tara zinariya, ta ce wannan shi ne rigakafin farko na yaron, kuma hanjin bakwaini ba abin da yake karɓa lafiya kamar nonon uwarsa, madarar gwangwani tana iya kumbura masa ciki. Na yi kuka a ranar, domin gani nake ni na kasa riƙe cikin, ga shi kuma na kasa ciyar da shi. Babu wanda ya ce mini laifina ne, amma da wata ta leƙo ta ce "wannan ɗan mitsitsin abu zai yi rai kuwa?", sai in kwana ban runtsa ba, washegari nono ya ragu. Ka tsare maiɗakinka daga irin waɗannan bakunan. Ka gaya mata da bakinka cewa ba ita ta jawo ba.

Bayan an sallame mu, mun ci gaba da goyon a gida kusan mako 5. Ina kwana a jingine da matasai, yaron a ƙirjina. Ba mu yi masa wanka ba, tsumma mai laushi da ruwan ɗumi muke goge shi da tsakar rana, mu rufe taga, mu gama cikin minti kaɗan. Ba mu shigar da garwashi ɗaki ba, domin an gargaɗe mu cewa hayaƙinsa yana kashe manya ma a rufaffen ɗaki. Wanzami ya zo har sau 2 a kan cire beli da aski, maigidana ya sallame shi da goronsa da kuɗinsa ba tare da ya taɓa yaron ba, kuma ba abin da belin ya yi masa har yau. Yaron da kansa ya nuna ya gaji da goyon, ya fara miƙa ƙafa yana ture zani yana gumi, a lokacin ya kusa kilo 2.5.

Uwar mijina ita ce ta fi kowa faɗa da farko, ta ce a garinsu a baya ake goyo, ba a taɓa goyo a gaba ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta ɗaura shi a ƙirjinta tun daga azahar har isha'i.

Likitan Yara ya amsa:

Malam, Allah ya raya. Na yarda da abin da Sista ta faɗa, da sharaɗin cewa ban ga yarinyar ba, kuma likitan da ke duba ta kullum ya fi ni sanin halinta.

Tunda surukinka yana ganin an rage muku kulawa ne, ka ba shi wannan labarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci wani bincike a asibitoci 5 a Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Najeriya, inda aka yi namu ɓangaren a asibitin koyarwa na Ile-Ife, aka fitar da sakamakon a 2021. An ɗauki jarirai sama da 3,000 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, aka raba su biyu. Rukuni ɗaya an fara musu goyon ƙirji nan take bayan haihuwa, ko da suna kan iska da ƙarin ruwa, ɗaya rukunin kuma aka bar su a kwalba ko ƙarƙashin na'urar ɗumi sai sun daidaita. A cikin kwana 28, kashi 12 cikin 100 ne suka rasu a rukunin farko, a na biyu kuwa kashi 15.7, har sai da aka dakatar da binciken kafin lokacinsa saboda bambancin ya fito fili. A watan Nuwamba na 2022 hukumar ta sauya shawararta, ta ce a fara goyon da zarar an haihu, awa 8 zuwa 24 a kullum, sai dai ga jaririn da ba ya iya numfashi da kansa ko wanda jikinsa ya yi tsanani ƙwarai.

Maganar cewa bakwaini ya fi ɗan wata takwas ƙwari tsohuwar magana ce da ake yi a ƙasashe da yawa, amma awo bai goyi bayanta ba. Duk makon da jariri ya ƙara a ciki ribarsa ce, musamman ga huhu, wanda sai wajen sati 34 yake samar da isasshen sinadarin da ke hana 'yan jakunkunan iska manne wa juna. Shi ya sa ake yi wa uwa allurar dekzametazon idan an ga haihuwa za ta zo da wuri. Kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ba zan ba ka shawarar sa hannu ba. Jaririyar da aka haifa a sati 31 tana iya ɗauke numfashi na daƙiƙa 20 ko fiye tana cikin barci, saboda sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da numfashi bai gama nuna ba. Muna ba su maganin kafeyin, sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa, a awon da aka ƙididdige da nauyinsu, ko aminofilin inda babu shi, har su wuce wannan matakin. A gida ba mai lura da wannan, kuma ba mai iya mayar da robar abinci idan ta fita. Ana sallama ne idan tana shan nono ko kofi sosai, tana ƙara nauyi kwanaki a jere, jikinta yana riƙe ɗumi a goyo, ɗaukewar numfashi ta daina, uwa kuma ta ƙware. Ɗaukar ta zuwa wani asibitin yana da amfani ne kawai idan ta buƙaci abin da ba su da shi, kamar na'urar taimaka wa numfashi, ko canjin jini saboda shawara mai tsanani, ko tiyata, kuma a lokacin su za su rubuta takarda, a tafi da ita a ƙirji.

Akwai abu 2 da iyaye suke mantawa bayan sallama. Na farko ido. Jaririn da aka haifa a irin wannan satin kuma ya sha iskar oksijin, jijiyoyin jinin da ke can bayan idonsa suna iya tsirowa ba daidai ba har su makantar da shi, alhali daga waje ido garau yake. Ana so likitan ido da ya san aikin ya duba ta tana da kimanin sati 4, domin idan aka gano da wuri akwai magani. Na biyu ciwon shawara. 'Yan Najeriya da yawa suna da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini da ake kira G6PD, kuma kafur ɗin da ake zubawa a akwatin kayan jarirai yana iya farfasa jinin irin waɗannan yaran, haka ma lalle. A wanke kayan, a shanya, a raba su da kafur. Rigakafi kuma da ranar haihuwarta ake lissafi, wato sati 6 da 10 da 14 kamar kowane yaro, amma zama da rarrafe da tafiya sai ka cire sati 9 da ta yi saura a ciki kafin ka gwada ta da sa'o'inta, har ta kai shekara 2.

Ka gaya wa Hajiya, cikin ladabi, cewa damuwarta a kan mai jego tana da tushe, sai dai maganin ne ya saɓa. Hawan jinin ciki ba ya tafiya ranar da aka ciro jariri, yana iya ɗaukar makonni, kuma kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa. Mai ɗinki a ciki da hawan jini ta yi wanka da ruwa mai ɗumi, ta sha kunun gyaɗa ko na tsamiya, ta ci nama, a riƙa auna jininta.

Idan kun koma gida, duk ranar da ta ƙi shan nono, ko jikinta ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinta ya wuce 60 a minti, ko awazunta suna faɗawa, ko cikinta ya kumbura, ko ta yi amai kore, ko tafin hannu da ƙafa suka yi rawaya, ko ta yi laƙwas, ko wata gaɓa tana fizga, a dawo da ita a wannan sa'ar, kada a jira gari ya waye.

Malamin Firamare ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba Direba, Allah ya sa Hassan mai ceto ne. Na jinkirta amsa kwana 5 ne domin in zo da labari.

Na nemi takardar awo kamar yadda Sista ta ce, na ga a kwana na 6 ta sauka har kilo 1.32, yau kuma da safe sikeli ya nuna 1.48. Jiya an gwada ta da kofi, ta lashe mililita 6 da ɗan harshenta kafin ta gaji, aka ƙarasa sauran ta roba. Na sayi littafin, na sayi matasai. Ranar Asabar na yi goyona na farko, awa 2 da rabi, ina zaune kamar gunki don tsoron kada in motsa, ina jin numfashinta a ƙashin wuyana, matan ɗakin suna ta yi mini dariya.

Na kai Inna ranar Lahadi. Ta wanke hannu, ta tsaya ta daɗe tana kallon robar da ke hancin yarinyar, ba ta sake tayar da maganar sa hannu ba. A kan kanwa ta sauko, yanzu kunun gyaɗa take damawa ina kaiwa, amma a kan wanka ta ce sai an dawo gida za mu yi magana, kuma na san me wannan yake nufi. Yayan maiɗakina har yanzu yana kan bakansa, gaisuwa kawai muke yi.

Likita, saura maganar ido. Na tambaya, an ce babu mai yin wannan gwajin a garinmu, sai an je asibitin koyarwa, tafiyar kusan awa 3 a mota, kuma sati 4 ɗin zai cika nan da kwana 12. Idan ba a sallame mu ba kafin lokacin, shin za a iya ba mu takarda mu je mu dawo a rana ɗaya tana ƙirjin uwarta, kuma yaya za mu yi da ciyar da ita a hanya idan har robar tana nan?